Sanyin ƙasa da kuɗin wuta: nazarin wani gida a Katsina

Gidan yana bayan ganuwa, cikin sababbin unguwannin da ke ta hanyar Dutsin-ma. Ginin bulo ne mai inci tara, ɗaki huɗu da falo, rufin kwano, silin na filasta. An shafe tsakar gidan kaf da intalok, babu itace ko ɗaya, kuma manyan tagogin falon suna kallon yamma. Akwai na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, guda uku masu ƙarfin doki ɗaya da rabi: ɗaya a falo, ɗaya a ɗakin maigida, ɗaya a ɗakin uwargida. Dukkansu tsohon yayi ne, irin waɗanda kwamfiresonsu ko dai yana aiki da dukkan ƙarfinsa ko ya tsaya cak.

Kowace daga cikinsu tana iya fitar da zafin da ya kai kilowat 3.5 daga ɗaki. A takarda tana cin wutar kilowat 1.1 zuwa 1.2, amma wannan ma'aunin an yi shi ne a kan iskar waje mai digiri 35. Da rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da Katsina ke taɓa digiri 40 zuwa 42, cin wutar yakan haura kilowat 1.3, sanyin kuma ya ragu. Daga Maris zuwa Mayu na'urorin uku suna cin kimanin yunit 30 a rana (yunit ɗaya shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya). Daga Yuni zuwa Oktoba abin yakan sauko zuwa rabin haka. Da hunturu kusan ba a kunna su. Jimilla a shekara, kimanin yunit 5,400.

A watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta Najeriya, NERC, ta kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, zuwa naira 225 a kan kowane yunit, daga baya ya daidaita a naira 209.5 a watan Yuli na wannan shekarar. Da wannan farashin aka yi lissafin nan. Sai dai kashi ɗaya cikin huɗu na wutar da esi ke ci a gidan daga janareta take fitowa, kuma ƙaramin janareta mai amfani da fetur ba ya cika ba da fiye da yunit 2 a kowace lita. In an ɗauki lita a naira 1,000, aka haɗa da baƙin mai da gyara, yunit ɗaya na janareta yana kusa da naira 550. In an gauraya biyun, matsakaicin ya kama wajen naira 300. Ke nan sanyaya ɗakuna uku kaɗai yana cin abin da ya haura naira miliyan 1.6 a shekara.

Wannan kuɗin ne ya sa maigidan ya fara neman mafita a ƙarƙashin ƙasa.

Yunƙurin farko

Tunaninsa ba na wauta ba ne. Duk wanda ya taɓa leƙa rijiya da bazara, ko ya sha ruwan randar da aka binne gindinta a ƙasa, ya san cikin ƙasa bai kai sama zafi ba. Sai ya kira mai aikin famfo, aka haƙa rami mai zurfin mita 1.2 a tsakar gida, aka shimfiɗa bututun roba mai inci huɗu tsawon mita 15, aka sa fankar hura iska mai wat 200 a baki ɗaya, ɗaya bakin kuma ya fito cikin falo. Aka mayar da rairayi, aka mayar da intalok.

Da rana iska mai digiri 41 ke shiga, ta fito da digiri 38. Da damina ta faɗi, bututun ya fara fitar da wari da sauro, aka toshe shi da tsumma.

Kurakuran guda huɗu ne, kuma kowanne kaɗai ya isa ya lalata aikin. Na farko zurfi. Zafin rana da sanyin dare suna ɓacewa kafin a kai rabin mita, amma zafin kakar bazara gaba ɗaya yana nutsewa fiye da haka. A zurfin mita ɗaya da ɗoriya, ƙarƙashin intalok ɗin da rana ke duka tun safe, ƙasar kanta tana iya kai digiri 33 zuwa 35 a ƙarshen Afrilu. Na biyu gudun iska. Fankar tana tura kimanin kubik mita 250 a awa cikin bututu mai inci huɗu, wato gudun kusan mita 9 a daƙiƙa. Iskar tana ratsa mita 15 ɗin cikin ƙasa da daƙiƙa biyu, ba ta ma gaisa da ƙasar ba ta fita. Na uku fankar kanta: duk wat 200 da take ci zafi yake komawa a cikin iskar da take turawa, kuma a wannan yawan iskar ya kai ƙarin digiri biyu da rabi. Na huɗu, an cusa bututun cikin juna ba tare da gam ba, babu gangara, kuma ramin ya bi ta kusa da sokawe. Ruwan damina ya shiga ta mahaɗa ya kwanta a tsakiya inda bututun ya lotsa.

Akwai kuma busasshen rairayi, wanda za a dawo kansa.

Shawarar injin tura zafi

Bayan wannan ne wani ya kawo masa maganar abin da ake yi a Amurka da Suwidin da Jamus. Can ana huda ƙasa kamar rijiyar burtsatse, a zura bututun roba mai ƙarfi wanda aka lanƙwasa ya tafi ya dawo, ruwa yana zagayawa a ciki. Injin da ke cikin gida esi ne a haƙiƙa, sai dai maimakon ya zubar da zafi cikin iskar waje, cikin wannan ruwan yake zubarwa, ruwan ya kai wa ƙasa. Da sanyi kuma sai ya juya aiki, ya ɗebo ɗumi daga ƙasa ya kawo cikin gida. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta daɗe tana cewa irin wannan tsarin yana rage cin wuta da kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari, bututun da ke ƙasa kuma yana iya wuce shekara 50. Maganar gaskiya ce, a can.

Abin da ke sa ta zama gaskiya a can shi ne zafin ƙasarsu. In aka wuce zurfin 'yan mitoci, ƙasa tana zama ne a kan matsakaicin zafin iskar wurin na shekara, da ɗan ƙari. A Jamus da arewacin Amurka wannan yana tsakanin digiri 8 zuwa 13. A Katsina matsakaicin zafin shekara yana wajen digiri 26 zuwa 27, ƙasa mara inuwa kuma takan ɗara iska da digiri biyu ko uku. Saboda haka ruwan burtsatse a nan yakan fito da ɗan ɗumi, wajen digiri 29 zuwa 30. Ƙasar Katsina ba ta da sanyi. Abin da take da shi kawai shi ne ba ta bin iska zuwa digiri 42.

To nawa wannan bambancin zai rage? Esi yana matse iskar gas ɗinsa ne har zafinta ya wuce na wurin da zai zubar da zafin. Da iskar waje mai digiri 42, gas ɗin yakan kai 55 ko fiye. Da ruwan da ya dawo daga ƙasa, wanda a tsakiyar aiki ba zai tsaya a 29 ba, zai hau 35 zuwa 37, gas ɗin zai tsaya wajen 44. Masu aikin sanyi suna lissafa cewa duk digiri ɗaya da aka rage a nan yana rage wutar kwamfireso da kashi 2 zuwa 3. Digiri 11 ko 12 ke nan ya ba da ragin kashi 25 zuwa 30. Wannan ribar ta gaske ce, amma ta ƙarfe sha biyu zuwa biyar na yamma ce a watanni uku. Da daddare a Afrilu iska takan sauko digiri 25 zuwa 27, wato ta fi ruwan ƙasar sanyi, kuma da daddare ne ake kunna esi na ɗakunan kwana. Da damina ma haka: rana wajen 30 zuwa 32, dare 22 ko 23. A waɗannan lokutan esi na yau da kullum ya fi samun sauƙin aiki. Ga kuma famfon zagaya ruwa da ke cin wat 200 zuwa 300 muddin injin yana kunne. In aka baje lissafin a kan shekara, ragin bai wuce kashi 15 ba, wato yunit 800, wato naira 240,000.

Sai a duba abin da za a kashe. Zafin da za a zuba a ƙasa shi ne kilowat 10.5 na ɗakuna da kusan 2.5 na kwamfireso, jimilla 13. Mita ɗaya ta rami tana karɓar wat 40 zuwa 50 ba tare da ruwan ya yi zafi fiye da kima ba. Ana buƙatar mita 300 ke nan, rami uku masu mita 100, da tazarar mita 6 aƙalla tsakaninsu, kuma kowanne sai an cike shi daga ƙasa zuwa sama da kwaɓin yashi da bentonait, wani irin yumɓu, don bututun ya manne da jikin ramin. Ko da an ɗauka naira 25,000 ce kowace mita, haƙa kaɗai ya ci miliyan 7.5, wato ribar shekara talatin, tun ba a sayi bututu ba, ba a shigo da injin daga waje ba, ba a kuma tambayi wanda zai gyara shi a Katsina in allon wutarsa ya ƙone ba.

Babbar matsalar ma ba kuɗin haƙa ba ce. A ƙasashen sanyi ramin kamar rumbu yake: da zafi a zuba, da sanyi a ɗiba, shekara ta zagayo ya koma yadda yake. Gidan nan zai zuba wa ƙasa zafin da ya kai yunit 19,000 a shekara, abin da zai ɗiba da hunturu kuwa bai taka kara ya karya ba, domin babu mai kunna injin ɗumama ɗaki a Katsina saboda 'yan makonnin Disamba da Janairu. Rumbun da ake zuba masa kullum ba a ɗiba cika yake yi. Ƙasar da ke kewaye da ramukan za ta riƙa ƙara ɗumi shekara bayan shekara, sai dai in akwai ruwan ƙarƙashin ƙasa mai gudana da zai kwashe zafin. Kashi 15 ɗin ma raguwa zai riƙa yi.

An kuma duba yiwuwar amfani da burtsatsen gidan kai tsaye: a jawo ruwa, ya karɓi zafi, a zubar. Don kwashe kilowat 13 da ƙarin digiri biyar a jikin ruwan, ana buƙatar lita 2,200 a awa. Awa goma lita 22,000 ke nan, jarka 880 a rana. A unguwar da 'yan garuwa ke tura kura, wannan ba abin tattaunawa ba ne.

Da injiniya ya gama baje masa lissafin, maigidan ya ce, "Injiniya, ke nan ƙasar ba ta da amfani?" Injiniyan ya ce masa, "Tana da shi, Alhaji, amma ita ce ta uku a layi."

Rufi da na'urori

Ta farko a layi rufi ne. Da rana tsaka hasken rana yana sauke wat 900 zuwa 1,000 a kan kowace murabba'in mita. Kwano yakan kai digiri 65 zuwa 70, iskar da ke tsakanin kwano da silin kuma wajen 55. Silin na filasta yana barin kimanin wat 2.5 ya ratsa kowace murabba'in mita a kan kowane digiri na bambanci. Ɗakunan uku murabba'in mita 70 ne, bambancin digiri 28, sai ga kusan kilowat 5 yana saukowa daga sama. Kusan rabin aikin na'urorin uku yaƙi da silin ne.

Aka shimfiɗa audugar gilashi mai kaurin santimita 5 a saman silin, ba a bar gibi ba, aka ɗaga wayoyin wuta suka bi ta samanta maimakon ƙarƙashi don kada su ɗauki zafi. Wannan ya mayar da wat 2.5 zuwa 0.6, kilowat 5 ya koma 1.2. Aka buɗe ƙofofin iska masu raga a kusurwoyin rufin biyu don zafin ya samu mafita, aka shafa wa kwanon farin fenti, aka yi wa tagogin yamma rumfa. Cin wutar shekara ya sauko daga 5,400 zuwa wajen 3,800.

Ta biyu, aka sauya na'urorin da masu infata, waɗanda kwamfiresonsu ke rage gudu in ɗaki ya yi sanyi maimakon ya tsaya ya sake tashi. Da yake rufin ya rage nauyi, ɗakunan kwana sun wadatu da masu doki ɗaya. Aka ɗauke kawunan esi da ke waje daga bangon yamma zuwa na arewa, aka bar musu sararin shan iska, aka saita su a digiri 26 tare da fankar silin. Wannan ya rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu, abin ya koma 2,850. Akwai ribar gefe: mai infata ba ya fizgar wuta wajen tashi, don haka ƙaramin janareta yana ɗaukarsa.

Bututun ƙasa, karo na biyu

A nan ne ƙasa ta shigo, ba a matsayin mai maye gurbin esi a ɗakin kwana ba, sai a matsayin mai shigo da iska falo da ɗakin yara da rana.

Aka zaɓi zurfin mita 3, kuma dalilin ya cancanci a tsaya a kansa. Zafin kaka yana nutsewa cikin ƙasa a hankali, yana raguwa yana kuma makara. A mita 3 sauyin da ke sama yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ya kuma makara da kimanin wata biyu da rabi. Ma'ana, sanyin hunturun Janairu sai ƙarshen Maris zuwa Afrilu yake isa wannan zurfin, daidai lokacin da ake tsananin buƙatarsa. Zafin Afrilu da Mayu kuma sai Yuli yake isa, lokacin da ruwa ya riga ya sauka an kashe fankar. A mita ɗaya makarar ba ta kai wata guda ba, shi ya sa bututun farko ya sha zafin bazara a cikin bazara. A mita 3, cikin Afrilu, ƙasar tana wajen digiri 28 zuwa 29.

Maimakon bututu ɗaya aka sa huɗu masu inci shida, kowanne mita 30, da tazarar mita ɗaya tsakaninsu don kada wannan ya ɗumama wancan. Aka zaɓi mai kauri irin na magudanar ruwa, domin siririn yakan lotse ƙarƙashin nauyin ƙasa mita uku. Kowace mahaɗa aka goge ta aka sa gam, kuma kafin a rufe aka toshe bakin ƙasa aka cika bututun da ruwa aka bar shi ya kwana. In ruwan ya ragu, akwai inda ke yoyo, kuma inda ruwa ya fita nan ruwan damina da gara da iskar ƙasa za su shiga. Aka ba shi gangarar santimita 2 a kowace mita, wato santimita 60 a tsawon mita 30, zuwa wani ɗan rami mai murfi inda za a iya zura famfo ko guga. Gwiwoyi aka yi su da masu digiri 45 biyu-biyu maimakon mai 90 guda, don iska ta wuce da sauƙi, igiyar sharewa ma ta bi. Aka kauce wa sokawe da mita goma, aka kauce wa harsashin gini.

Fankar mai wat 90 ce, tana tura kubik mita 520 a awa, kowane bututu 130, gudun mita 2 a daƙiƙa. Iskar tana shafe daƙiƙa 15 a ƙasa. An sa fankar a bakin shiga don ta tura, ba ta zuƙa ba, saboda in akwai 'yar kafa, gara iska ta fita ta nan da a jawo iskar ƙasa cikin ɗaki. Bakin shigar yana mita biyu sama da ƙasa, a inuwar bangon arewa, da hula, da ragar sauro, da matacin ƙura.

Sai maganar busasshen rairayi. Ƙasar wurin jigawa ce a sama, sai marmara daga wajen mita biyu. Busasshen rairayi yana wuce da zafi ne da kimanin wat 0.3 zuwa 0.4 a kowace mita a kowane digiri, mai danshi kuwa ya kan kai 1.5 ko 2, ninki huɗu zuwa biyar. In aka binne bututu cikin busasshen rairayi, to bargo aka lulluɓa masa: 'yan santimitocin da ke kewaye da shi za su ɗauki zafi cikin awa biyu, zafin ya rasa hanyar tafiya. Don haka aka kewaye bututun da jar ƙasa mai yumɓu wadda aka tace daga duwatsu, aka jiƙa ta, aka daddaɓe ta hawa-hawa, santimita 20 a kowane hawa. Rabin mita sama da bututun aka bi da siririn tiyo mai huji, wanda ruwan alwala da na wanke kayan lambu ke bi ya jiƙa wurin. Ba a haɗa shi da ruwan banɗaki ba. A saman kuma ba a mayar da intalok ba, aka shuka ciyawa da zogale. Bedi, wato darbejiya, an dasa shi ne can jikin katangar yamma, nesa da layin bututun, domin saiwarsa tana bin danshi.

Haƙan shi ne mafi tsada da mafi haɗari. Ƙasar da aka fitar ta haura kubik mita 300, aikin katafila ne. Ramin mita uku a jigawa yana ruftawa ba tare da gargaɗi ba, don haka aka karkata bangonsa, aka zuba ƙasar da aka fitar nesa da baki, ba a bar lebura ya sauka shi kaɗai ba. Wanda ke shirin gini, in ya haɗa wannan haƙan da na harsashi tun fili yana buɗe, kuɗin zai ragu ƙwarai. A gidan da aka gama sai an fasa tsakar gida.

Iska mai digiri 41 tana fitowa da wajen 31. Kubik mita ɗaya a awa tana ɗaukar kimanin wat 0.31 a kowane digiri, don haka 520 sau 0.31 sau 10 ya ba da kilowat 1.6 na zafi da aka cire da wat 90 kacal. Esi mai kyau yana cire wat 3 zuwa 4 da kowane wat na wuta, wannan kuwa 18. Amma a nan ne masu tallar abin ke ruɗar mutane. Digiri 31 ba sanyin esi ba ne. In aka hura wannan iskar cikin ɗakin da esi ya kai 26, ɗumama shi ake yi, ana ƙara wa na'urar aiki. Dole ya zama ko wannan ko wancan, shi ya sa aka sa wa bakin falon murfi.

Abin da ya kammala aikin shi ne bushewar iskar bazara. A Maris da farkon Afrilu laimar iska da rana takan sauko ƙasa da kashi 15. Aka sa jiƙaƙƙen tabarmin takarda mai ramuka, irin na ɗakunan kiwon kaji, a bakin fitar iskar, da ɗan famfo mai wat 15 yana ɗiga masa ruwa. Hikimar tulu ce, kuma ita ce Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi amfani da ita a tukunyarsa mai zama cikin tukunya da ta samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Iskar da ta fito daga ƙasa da 31 tana ƙara sauka zuwa 21 ko 22, da ruwa lita biyu da rabi a awa, jarka ɗaya a wuni. Falon yana zama wajen digiri 28 da rana, da fankar silin ana zama lafiya. Sai an bar taga ɗaya a ɗan buɗe a ɗaya gefen, in ba haka ba iskar ba ta da mafita, laima ta taru.

Da hunturu abin ya juya da kansa. Iskar asuba mai digiri 13 takan fito da 24 ko 25, an kuma tace mata ƙura. Kunna shi a waɗannan dararen yana da riba ta biyu, yana kwashe zafin da aka tara a ƙasar, wato ana ɗiban rumbun.

A kuɗi, bututun ya hana kunna esi na falo da rana na kimanin kwana 120, yunit 5 kowace rana, 600 ke nan. A cire abin da fanka da famfo suka ci, saura 450, wato naira 135,000 a shekara. Cin wutar gidan ya tsaya a 2,400. Daga cikin yunit 3,000 da aka rage, rufi da inuwa sun ba da 1,600, sauya na'urori 950, ƙasa 450. Wanda ya fi kowa cin wahala shi ya ba da mafi ƙanƙanta, kuma in kuɗin wuta kaɗai za a duba, zai daɗe bai mayar da kuɗin haƙansa ba. Darajarsa a wani wuri take: wat 105 farantin sola ɗaya mai wat 300 yana ɗaukarsa, kuma lokacin da rana ta fi zafi shi ne lokacin da farantin ya fi ba da wuta. Da azahar a Afrilu, ko babu wuta, falon yana shan iska ba tare da an ja janareta ba.

Kulawarsa tana bin kakar shekara. Da hunturu da bazara ana wanke matacin ƙura duk mako, domin in ya toshe iskar takan ragu da rabi, mutane su ɗauka ƙasar ce ta gaji. Ana zubar da ruwan tiren tabarmin duk kwana biyu saboda gishiri da sauro. Ba a barin fankar tana aiki dare da rana a bazara: awa goma, sannan a bar ƙasar ta huta. Daga tsakiyar Mayu, da zarar iskar kudu ta fara kawo laima, ana cire tabarmin a shanya, domin ruwa ya daina ƙafewa sai dai ya ƙara gumi. In damina ta kankama ana kashe fankar gaba ɗaya, tunda iskar waje da ƙasar sun zama ɗaya. A Turai raɓa ce ke taruwa a irin wannan bututun, a nan kuwa ƙasar ta fi ƙarfin raɓa ɗumi, don haka duk ruwan da aka gani a ɗan ramin mai murfi bayan ruwan Agusta daga mahaɗa ya shigo. Ana leƙa shi bayan kowane babban ruwa, a kwashe, a kuma bi bututun da igiya da tsumma kafin a sake kunna fankar a Oktoba.